Hikima A Bakin Rumbu

Waɗanda suke kwance cikin ciwo, da waɗanda rashin zaman lafiya ya raba da gonakinsu, muna tunawa da ku cikin addu'a. Ubangiji ya ziyarce ku, ya ta'azantar da ku.

Karatunmu na yau yana cikin Littafin Karin Magana sura 6, aya 6 zuwa 11, da Farawa sura 41, da kuma Bishara ta hannun Luka sura 12, aya 13 zuwa 21. Muna roƙon mai gida ya tara iyalinsa da dare a karanta wuraren nan a hankali, domin maganar da za mu yi ta shafi kowa da ke cin tuwo a gidan.

Akwai wani abu da muke gani kowace shekara a ikilisiyoyinmu na karkara, har ya daina ba mu mamaki. A watan Nuwamba da Disamba amfanin gona ya shigo gida, rumbuna sun cika, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Masu saye sukan biyo mutum har ƙofar gida. Mai gida ya fitar da buhu biyu yau, jibi ya fitar da uku. Kafin a gama noman fari an kai ƙasan rumbu. A watan Yuli da Agusta kuwa, lokacin da aiki ya fi nauyi, jiki kuma ya fi bukatar abinci, sai ka ga mutumin nan a kasuwa yana awon tiya ɗaya da tsadar da ta fi yadda ya sayar nesa ba kusa ba. Wani ya bar gonarsa ciyawa tana ci, ya tafi ƙwadago a gonar wani domin a sami na tuwon dare. Gonarsa ta ba shi kaɗan, baɗi kuma a sake komawa gidan jiya.

In irin wannan ɗan'uwa ya zo wurinmu mukan yi addu'a tare, haka kuwa ya kamata. Mun kuma san akwai waɗanda fari, ko ambaliya, ko 'yan bindiga suka raba da amfaninsu. Waɗannan taimako ne ya kamace su, za mu kuwa dawo kan zancensu. Amma sau da yawa in aka zauna aka bi sawun abin, akan tarar Allah ya ba da abin da zai kai gidan shekara. Yunwar Agusta tun a Disamba aka sayo ta. Saboda haka muka ga ya kamata mu tsaya a bakin rumbu tun yana cike, mu ji abin da Maganar Allah take koya mana.

Mece ce hikima?

Littafin Karin Magana, wanda dattawanmu da suka yi karatu da juyin Hausa na 1932 suka sani da sunan Misalai, tsohon littafi ne ƙwarai. Sarki Sulemanu ya yi mulki a Urushalima wajen shekara ta 970 zuwa 930 kafin haihuwar Almasihu, Littafin Sarakuna na Fari sura 4 kuma ya gaya mana ya yi karin magana 3,000. Bayan fiye da shekara 200, mutanen Sarki Hezekiya suka sake kwafe waɗansu daga ciki, kamar yadda farkon sura 25 ya nuna. Watau mutanen zamanin Hezekiya ba su ga maganar ta tsufa ba. Mu ma da muka zo bayan kusan shekara 3,000, in muka karanta sai mu ga kamar mai rubutun ya kwana a unguwarmu. Kayan aiki sun canza, kuɗi ya canza, amma zuciyar ɗan adam tana nan yadda take. Har yanzu tana son jin daɗi yau, tana kuma ƙyuyar tunanin gobe.

Kalmar da aka juya mana da hikima, a harshen Ibraniyanci ana kiranta hokma. Da ita aka kwatanta gwanintar Bezalel, wanda ya yi aikin zinariya da katako na alfarwa ta sujada, cikin Fitowa sura 31. Da ita kuma aka kwatanta matan da suka iya kaɗi cikin sura 35. Ashe hikima a wurin mutanen Allah abar hannu ce, ana ganinta a aiki. Ita ce iya yin abin da ya kamata a lokacin da ya kamata. Mutum yana iya samun ilimi mai zurfi, gidansa kuwa ya kwana da yunwa. Wani yana da wayo, amma wayonsa na cutar maƙwabci ne. Littafin nan ya kafa harsashin hikima a kan tsoron Allah, dalili kuwa a fili yake. Wanda yake tsoron Allah ya san ruwan sama ba nasa ba ne, ƙarfin da ya riƙe fartanya da shi ba nasa ba ne, hatsin da ke rumbu ma amana ce aka ba shi. Mai riƙon amana kuwa yakan yi lissafi, gama ya san za a tambaye shi.

Makarantar tururuwa

A sura 6 Sulemanu ya aiki rago zuwa makaranta, malamar kuwa tururuwa ce. Ya nuna ba ta da shugaba da ke tsaye a kanta, duk da haka takan tara abincinta tun lokacin girbi. A sura 30 wani mai hikima, Agur, ya sake lissafta ta cikin ƙananan halittu huɗu masu hikima. A ƙasar Isra'ila akan girbe sha'ir wajen watan Afrilu, alkama kuma wajen Mayu da Yuni, a lokacin nan ne tururuwa take kwasar ƙwayoyi zuwa raminta, kafin sanyi da ruwa su zo.

Akwai lokacin da waɗansu masana a Turai suka yi shakkar wannan magana, domin irin ƙwarin da suka saba gani a arewacin Turai ba sa tara hatsi. Sai wani mutumin Ingila mai suna Moggridge ya zauna a kudancin Faransa yana lura da su, ya tona gidajensu, ya tarar da ɗakunan ajiya cike da ƙwayoyi, ya kuwa buga littafi a kan haka a 1873. Mu a nan ba mu bukaci a buga mana littafi ba. Kowane yaro da ya taɓa zuwa masussuka ya ga layin tururuwa, kowacce da ƙwayar gero a baki. Har a shekarun yunwa, irin ta 2005 a Nijar, wadda ta biyo bayan fari da farin ɗango na 2004, an ga mutane suna tone gidajen tururuwa domin su kwashi ɗan abin da ta ajiye. Abin tausayi ne, abin tunani ne kuma, a ce ɗan adam ya koma cin ajiyar ƙwaro.

Me tururuwa ta sani? Ta san yanayi yana juyawa, kaka ba ta dawwama. Mu kuwa in rumbu ya cika sai zuciya ta gaya mana haka zai zauna. Ba ta kuma jira a kore ta zuwa aiki ba. Yawancinmu mukan yi abin kirki in akwai mai kallo, ko in wahala ta matsa. Girma cikin Ubangiji shi ne mutum ya kai inda zai yi daidai ba da bulala ba, wannan kuwa shi ne kamun kai da Manzo Bulus ya lissafta cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa sura 5. Sa'an nan tururuwa ƙwaya ɗaya take ɗauka a tafiya ɗaya. Kada wani ya ce abin da ya samu bai kai a yi tanadi ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Yusufu da shekarun ƙoshi

Cikin Farawa sura 41 Fir'auna ya yi mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da suka fito daga Kogin Nilu, ramammu bakwai suka cinye su, haka kuma zangarku bakwai masu kyau, busassu bakwai suka haɗiye su. Allah ya ba Yusufu fassara, shekara bakwai na ƙoshi za su zo, bakwai na yunwa su biyo baya. Abin lura shi ne Yusufu bai tsaya a kan fassara ba. Ya ba da shawara a naɗa wakilai, a karɓi kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa a shekarun ƙoshi, a tara a birane, a tsare. Allah ya bayyana asiri, bawansa kuma ya kawo lissafi da tsari. Ruhaniya da lissafi ba abokan gāba ba ne.

A ina Yusufu ya koyi wannan? Yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da shekara 30 ya tsaya a gaban Fir'auna. Shekara 13 da ke tsakani ya yi su ne yana riƙon kayan wani, da fari a gidan Fotifar, daga baya a kurkuku. Wanda ya yi aminci da ɗakin ajiyar maigidansa shi aka danƙa wa rumbunan Masar. Samari masu sauraronmu, ku riƙe wannan. Ɗan jarin da ke hannunku yau, ko 'yar gonar da baba ya yanka muku, a nan ake gina halin da za ku riƙe gida da shi gobe.

Ƙasarmu ma ta san ramammun shanu. Kakanni sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Da yawa cikinmu mun ga farin 1973 da 1974, muka kuma ga na 1984. Ba lallai sai an yi mana mafarki ba. Tarihi ya isa ya gaya mana shekara mai kyau tana da ƙanwa marar kyau.

Lissafin gida

To, yaya za mu yi? Abu na fari, mai gida da uwargida su zauna tare kafin a sayar da ko tiya ɗaya. Karin Magana sura 27 ta gargaɗi makiyayi ya san halin da garkensa ke ciki, haka ya kamata manomi ya san abin da ke rumbunsa da abin da gidansa ke ci. A gidaje da yawa mai gida ya san yawan dami da buhu, amma uwargida ce ta san yawan abin da ke shiga tukunya. In ba su haɗa sanin nan biyu ba, lissafi ba zai fita ba. Baba mai gida, tambayar matarka ba ta rage maka girma. Sura 31 ta yabi macen da mijinta ya amince da ita, gidansa kuwa bai yi hasara ba.

Ga misali. In gida yana cin tiya ɗaya a rana, shekara za ta ci tiya 365. In buhu yana ɗaukar tiya 40, ana bukatar buhu 9 da 'yan tiyoyi. Gidan da ke cin tiya biyu yana bukatar fiye da buhu 18. Ba a sa baƙo a ciki ba, ba a sa masu gayya ba, ba a sa rasuwa ko haihuwa ba. Kowa ya yi nasa da mudun garinsu. Da yawa za su sha mamaki su ga abin da suke kira rara ashe abincin watan Yuli ne.

Bayan lissafi sai rabo. A fitar da na Ubangiji tun da fari, da farin ciki. A ware na ci har zuwa sabon hatsi, a rufe shi, a ɗauka ba ya nan. A ware iri mai kyau. In da hali a ƙara wani abu domin ɓacin rana. Kashi ɗaya cikin biyar na Yusufu ba doka ba ce a kanmu, amma ma'auni ne mai kyau ga wanda ya iya. Abin da ya ragu shi ne na sayarwa, shi ma kada a zubar da shi a kasuwa ɗaya. Kuɗin makaranta yana zuwa a Janairu, yana kuma dawowa bayan Ista, taki yana jira kafin ruwa ya sauka.

Ajiya ma tana da hikimarta. Hatsin da bai bushe sosai ba zai yi fumfuna. Wake kuwa ƙwari sukan gama da shi cikin 'yan watanni. Akwai buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. In aka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin sukan mutu ba tare da magani ba. Duro ko jarka mai murfi da ke rufuwa sosai ma yana yin wannan aiki. Muna faɗin haka ne domin waɗansu suna zuba wa wake maganin feshin gona su kai kasuwa. Mai bi ba zai yi haka ba, gama wanda zai ci waken nan maƙwabcinka ne, ko da ba ka san sunansa ba.

Ma'aikata da 'yan kasuwa na birni, kada ku ce wannan zancen manoma ne. Ranar da albashi ya shigo ita ce kakarku, ƙarshen wata kuma shi ne Agustanku. Lissafin ɗaya ne.

Ɓarayin da ba sa fasa rumbu

Akwai ɓarayin da mai gida da kansa yake buɗe wa ƙofa. Na fari shi ne biki. Kirsimeti da bukukuwan aure suna faɗowa daidai lokacin da hatsi ya fi araha. Murna abu ne mai kyau, Ubangijinmu ma ya halarci biki a Kana. Amma in za a sayar da abincin wata uku domin anko da ɗinkin da za a sa kwana ɗaya, don kada a ce mun gaza, to tsoron mutane ne yake mulkin gidan. Waɗanda muke tsoron bakinsu a Disamba ba za su auno mana tiya a Agusta ba.

Na biyu giya ce. Dawar da aka jiƙa aka yi burukutu da ita, da kuɗin da aka bari a mashaya, tuwon yara ne. Sura 23 ta Karin Magana ta zana hoton mashayi yadda kowa zai gane shi, ta kuma nuna ƙarshensa tsummoki ne.

Na uku bashi ne. Mun san bashi hanji ne, yana cikin kowa, akwai kuma ranar da babu makawa. Amma sura 22 ta gargaɗe mu cewa mai cin bashi yakan zama kamar bawa ga mai ba shi. A waɗansu wurare mutum yakan karɓi buhu ɗaya da damina ya biya biyu da kaka, watau ya shiga sabuwar shekara da rami a rumbunsa. In kuwa mai ba da irin wannan bashi ɗan ikilisiya ne, to ya karanta Nehemiya sura 5, ya ga yadda Nehemiya ya tsawata wa manyan Yahuda a kan cin ribar 'yan'uwansu a lokacin yunwa.

Na huɗu shi ne son arziki na dare ɗaya. A watan Disamba na 2016 tsarin nan na MMM ya rufe asusun mutane, a watan Afrilu na 2025 kuma CBEX ya rushe da kuɗin jama'a. A irin waɗannan tarkuna akwai masu bi da suka zuba kuɗin amfanin gona, waɗansu ma a harabar majami'a aka ja su. Sura 13 ta riga ta faɗa cewa dukiyar gaggawa takan zube, mai tarawa kaɗan kaɗan shi ne yake ƙaruwa.

Dole mu faɗi na biyar, ko da yake ya taɓa mu masu hidima. Wani lokaci mukan mai da godiyar kaka ta zama gasa. A kira suna, a faɗi yawan buhu, a yi tafi, har talaka ya ji kunya ya kawo abin da zai sa yaransa su kwana da yunwa. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa Allah yana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi, kuma ba a nufin waɗansu su huta waɗansu su matsu. In mun yi kuskure a nan, Ubangiji ya gafarta mana, mu kuma gyara.

Tanadi da damuwa

Wani zai ce, “Fasto, ashe Yesu bai hana mu damuwa da gobe ba? Bai nuna mana tsuntsaye ba?” Gaskiya ne, yana cikin Matiyu sura 6. Amma abin da ya hana shi ne alhinin da ke cin zuciya, wanda yake sa mutum ya manta yana da Uba a sama. Shi Yesu ɗin da ya ciyar da mutum 5,000 ya umarta a tattara gutsattsarin da suka rage domin kada kome ya lalace, aka cika kwando 12. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, mai wanke tukunya kuwa ba rashin bangaskiya ne ya sa shi ba. Mun lura ma wanda ya yi tanadi shi ne ya fi samun barci. Wanda ya watsar da nasa, shi damuwa take kwana da shi.

Rumbu mai ƙofa

Yanzu sai mu juya ga ɗaya gefen, domin mai tanadi ma yana da nasa tarko. A Luka sura 12 wani ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi. Sai Yesu ya ba da misalin mai arziki wanda gonarsa ta yi albarka, ya yi niyyar rushe rumbunansa ya gina manya, ya shirya wa kansa hutu na shekaru. A daren nan aka karɓi ransa, Allah kuma ya kira shi wawa. Yusufu ya tara, mutumin nan ma ya tara. Me ya raba su? Da yunwa ta zo Yusufu ya buɗe rumbuna, Masar ta rayu, gidan Yakubu ya rayu. Mai arzikin nan kuwa a duk shawarar da ya yi da zuciyarsa ba Allah, ba maƙwabci, ba ma'aikatan da suka yi masa noma.

Karin Magana sura 11, aya 26, ta nuna jama'a sukan la'anci mai ɓoye hatsi, su sa wa mai fitarwa albarka. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 abinci ya yi tsada ƙwarai a Najeriya, waɗansu suka saye hatsi suka kulle suna jiran ya ƙara hawa. A 2025 farashin masara da sauran hatsi ya sauko, da yawa suka yi hasara. Wanda ya ajiye domin iyalinsa su ci bai yi hasarar kome ba, gama tiya ɗaya tana cika tukunya ko farashi ya hau ko ya sauka. Ba mu ce ciniki zunubi ne ba. Amma wanda yake addu'a a ɓoye yunwa ta tsananta domin kayansa su yi daraja, ya binciki zuciyarsa.

A nan ne muka dawo kan 'yan'uwan da masifa ta raba da amfaninsu. Shari'ar Musa, cikin Littafin Firistoci sura 19, ta umarci manomi ya bar gefen gonarsa da kala domin matalauci da baƙo, da wannan kala kuwa Rut ta ciyar da surukarta Na'omi. A Ayyukan Manzanni sura 11, da annabi Agabus ya faɗi yunwar da ta auku a zamanin Kaisar Kalaudiyas, masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu. Da sun cinye nasu duka, da me za su aika? Wannan shi ne babban dalilin tanadin mai bi. Muna ajiyewa domin kada mu zama kaya a kan wani, domin kuma mu sami abin miƙa wa gwauruwa, da maraya, da wanda ya gudo daga garinsu, ko Kirista ne ko Musulmi. Muna ba dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata shawara su ware wani kashi na hatsin godiya, a adana shi har damina, maimakon a sayar da shi duka a ranar.

Mun tuna da wata tsohuwa a ikilisiyar da muka fara hidima. Kullum in za ta auna na tuwo sai ta ɗebi tafin hannu ɗaya ta zuba a wata tukunya dabam. Ba ta iya karatu ba, ba ta kuma taɓa tsayawa gaban jama'a ta yi magana ba. Amma in damina ta yi tsakiya, daga tukunyar nan ake aika ƙwarya gidajen da hayaƙi bai tashi ba. Abin da muka koya a wurinta ya tsaya mana fiye da darussa da yawa na makaranta.

'Yan'uwa, ba a zama mai hikima rana ɗaya. Akan yi girma ne ta wurin ƙananan shawarwari, buhun da aka ƙi sayarwa, ankon da aka haƙura da shi, tiyar da aka aika wa maƙwabci. In ka riga ka sayar da fiye da kima, kada ka fid da zuciya. Ka ƙirga abin da ya ragu yau, ka fara daga nan. Wasiƙar Yakubu sura 1 ta tabbatar mana Allah yana ba da hikima ga mai roƙo, ba ya kuwa gori. Bulus kuma ya shaida wa Korantiyawa cewa Almasihu kansa shi ne hikimarmu daga wurin Allah. Shi da yake mai wadata ya zama matalauci saboda mu. Wanda ya ba shi zuciyarsa zai iya rufe rumbu ga sha'awar kansa, ya buɗe shi ga ɗan'uwansa. In ba ka karɓe shi ba tukuna, ka tuna da mai arzikin nan, wanda ya shirya wa shekaru da yawa amma bai shirya wa dare ɗaya ba.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ruwa da rana da ƙarfin aiki. Ka gafarta mana inda muka yi almubazzaranci, da inda muka yi rowa. Ka ba iyayen gida hikima su yi shawara tare cikin salama. Ka tuna da waɗanda ba su girbe kome ba, ka sa mu zama hannunka a gare su. Ka kawo zaman lafiya a ƙasarmu domin kowa ya koma gonarsa. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.